Wa Zai Kai Su Yawon Sallah?

A gidan da na tashi, a cikin birnin Kano, Sallah ba ta taɓa zama aikin mutum ɗaya ba. Gidan gado ne mai zaure biyu da sassa da dama: sashen kakarmu, na mahaifinmu, na ƙannensa da matansu, sai ɗakin wata gwaggo da mijinta ya rasu ta dawo gida. Da azumi ya raba tsakiya kowa ya san abin da ke wuyansa ba sai an faɗa masa ba. Maza su shiga Kantin Kwari su yanko yadi da atamfa, mata su fara tanadin itace da man gyaɗa da shinkafar tuwo, mu kuwa yara namu ƙirga kwanaki ne da bin 'yan tashe bayan an sha ruwa. Ban taɓa tambayar kaina daga ina kuɗin suke fitowa ba, ko wa ya hana idonsa barci. Yaro ba ya wannan lissafin. Sai yanzu da nake da 'yar da ba ta cika shekara biyar ba, nake zaune a gidan haya a bayan gari, daga ni sai ita sai mahaifinta, na fara ganin yawan hannayen da suka ɗauki Sallar ƙuruciyata, da yadda a gidana suka ragu suka koma huɗu.

Kaya iri ɗaya ake yi mana. Baffanmu zai sayo turamen atamfa iri guda a yanka wa 'yan matan gidan kaf, maza kuma a yi musu yadi launi ɗaya, ta yadda ko a cikin turmutsutsun Ƙofar Kudu aka hango yaro an san ɗan gidan wane ne. Atamfar ma 'yar gida ce, domin a lokacin masaƙun Kano da Kaduna suna numfashi; babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ba ta tsaya da aiki ba sai a 2007. Telan unguwarmu da keken ƙafa yake ɗinki a zaurensu, kuma da gangan yake ƙara tsawo da faɗi, don kayan su ga Babbar Sallah, su kuma ga ƙanwar mai su. Ba wadda ta ga aibin haka a cikinmu, tunda duk wadda ka duba hannun rigarta ya wuce yatsunta.

Daren jajiberi shi ne na fi tunawa. A ƙarshen shekarun 1990 azumi a cikin hunturu yake faɗowa, har a shekarar 2000 aka yi Ƙaramar Sallah sau biyu, ɗaya a Janairu ɗaya a Disamba. Tun la'asar ake kwaɓa lalle. Gwaggo za ta zauna da reza tana yanka salatif ƙanana-ƙanana, ta manna a ƙafa ta fitar da zane, ta lafta lallen mai sanyi kamar daga randa aka ɗebo shi, a naɗe da leda, a bi da tsumma a ɗaure tamau. Daga nan ba tashi. Kakarmu takan turo kaskon garwashi kusa da ƙafafunmu don lallen ya kama, ta zauna a gefe da rediyonta a kunne tana jiran sanarwar ganin wata daga Sakkwato, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Da an ce an ga wata sai gidan ya ɗauka. Wata ta rangaɗa guɗa, wata ta ce a ɗora tukunya, mu kuma muna zaune a ɗaure kanmu na zafin sabon kitso, ba halin tsalle sai ihu. Barci yakan kwashe mu a wurin. Iyayenmu mata kuwa ba sa kwanciya: tuwon shinkafa a manyan tukwane, miyar taushe da kabewa da gyaɗa, waina a tanda, funkaso, ga cincin da dubulan da aka riga aka soya tun kwana biyu baya aka ɓoye a saman sif. Da asuba mahaifinmu ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya auna zakkar fidda-kai, mudun Annabi huɗu a kan kowane rai, yana kiran sunayen 'yan gidan ɗaya bayan ɗaya har da jaririn da aka haifa a cikin azumin. A nan na fara sanin cewa ni ma ana ƙirga ni a cikin mutane.

Bayan an sauko daga Idi sai rabon tuwo. Za a jera kwanukan samira da langa-langa a tsakar gida, kowane da inda za shi. Wannan na gidan liman ne, wannan na tsohuwar nan ta lungun baya da ba ta da kowa, wannan na surukan Yaya. Mu ne 'yan aike. Kuma kwano ba ya dawowa haka nan: ko a juye a zuba nasu tuwon a ciki, ko a wanke shi a ɗora goro da 'yan kuɗin tukuici. Kafin azahar sai ka ga a gidanmu akwai abincin gida goma, kowanne da irin hannun mai shi, har muna iya gane miyar wane gida ce daga ɗanɗano.

Sai yawon Sallah, wanda shi ne Sallar a wurinmu. Mukan fita a ayari, babbar yayarmu a gaba da 'yar jakar da ake tara kuɗi, ƙananan a tsakiya riƙe da hannun juna. A fara da gidajen unguwa, washegari a faɗaɗa: Yakasai, Mandawari, Ƙofar Mazugal, sannan a hau bas zuwa Fagge da Gwammaja da Kurna. Duk gidan da muka shiga sai mun cire takalmi mun durƙusa. "Barka da Sallah, Inna. An yi Sallah lafiya?" Ita kuma ba za ta sallame mu da wuri ba. Za ta kamo haɓar ƙaramarmu ta ɗaga ta ce, "Wannan kuma 'yar wa ce a cikinku?" Yaya ta faɗa. Sai tsohuwa ta gyara zama ta fara warware zare: ita da kakarmu 'ya'yan wa da ƙani ne, a hannun mace ɗaya suka tashi, ita ce ta riƙe mahaifinmu lokacin da aka yaye shi. Muna sauraro rabi da rabi, idonmu na kan gefen zanenta inda ta ƙulle kuɗi. Naira biyar mai hoton Tafawa Ɓalewa, ko goma, in an yi sa'a a samu Murtala, wato naira ashirin. Naira ɗari ta fito a ƙarshen 1999, a Sallar da ta biyo baya wani kawunmu ya miƙo mana ita sabuwa fil, muka tsaya a bakin titi muna karɓa-karɓa kowa na son ya taɓa. Da yamma a zauna a raba, a sayi rake da alawa da balan-balan, abin da ya rage a kai wa uwa ajiya, ta cika ta saya wa yarinya ɗan kunne ko 'yar kaza.

Mu a zatonmu kuɗi muke tarawa. Manya kuwa sun san abin da suke yi da suka sake mu. Duk abin da na sani game da danginmu a wannan yawon na san shi. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya zana mini wa ya haifi wa. Ƙofofi na sani, da fuskokin da ke bayansu, da irin gaisuwar da ta dace da kowa, da wanda ake yi wa wasa da wanda ake sunkuyar wa da kai. Har yau idan aka yi rasuwa ko haihuwa a dangi ba na tambayar kwatance, ƙafata ta san hanya tun ina 'yar shekara bakwai. Su ma sun san ni. Lokacin da aka zo neman aurena, akwai tsofaffin da suka tsaya mini ba don komai ba sai don sun ga girmana Sallah bayan Sallah.

Hawa kuwa kyauta ce da gari yake yi wa yaransa. Ranar Sallah Sarki ya tafi Idi a Ƙofar Mata a ƙasa ya dawo a kan doki, washegari Hawan Daushe ya je gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki a dawo a yi jahi a Ƙofar Kudu, rana ta uku Hawan Nassarawa, sannan a rufe da Ɗorayi ko Fanisau. Mun tashi ba mu san wani sarki ba sai Alhaji Ado Bayero, wanda ya hau a 1963 ya rasu a 2014, har muna ganin shi da laimarsa da Sallah abu ɗaya ne. Ba a biyan ko kwabo. Ka samu dakali ko katanga ka hau, ka ji ƙarar bindiga a ƙirjinka, ka ga dogarai cikin ja da kore, 'yan lifidi, masu kakaki da algaita, da 'ya'yan hakimai sa'anninka a kan dawakai an naɗa musu rawani. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake ji da su, amma a 2020 annobar korona ta hana shi, a Babbar Sallar 2024 da Sallolin 2025 kuma rikicin masarauta ya sa 'yan sanda suka dakatar da shi. Yaran da aka haifa a wannan tsakanin, cikinsu har da tawa, sun fi sanin hawan a fuskar waya fiye da a kan titi. Wannan yana yi mini ciwo, kuma ina ganin duk masu hannu a cikin rikicin ya kamata su ji nauyin yaran nan.

Yanzu a gidana ni ce kakar, ni ce gwaggon, ni ce matan sassan duka. Ina aiki, hutun da ake bayarwa kwana biyu ne, don haka suyar cincin da dare nake yinta bayan yarinya ta yi barci. Ƙunshi sai na kai ta wurin mai lalle mu bi layi, a zana mata da ƙaramin mazubi a biya, cikin sa'a guda ya bushe. Ya fi namu kyau nesa ba kusa ba, kuma ba ta kwana a ɗaure. Amma ba wanda ya zauna kusa da ita yana ba ta labari kafin ya kama. Tuwo kuwa a 'yar tukunya nake yinsa a kan gas, domin gidajen da zan kai wa ba su da yawa. Unguwarmu sabuwa ce, katangu dogaye, kowane gida da get a rufe, akwai maƙwabtan da sai a makarantar yara muke haɗuwa. Waɗanda nake aika wa, su ma suke aiko mini, duk a robar nan ta zamani muke zubawa, wadda ake ci a jefar. Na daɗe ina tunanin wannan robar. Ta rage wanke-wanke, ta hana ɓatan kwanuka, amma ta yanke dawowa. Kwanon samira dole a mayar da shi, mai mayarwa dole ya yi sallama ya shiga, a gaisa, a tambayi jikin wane. Roba idan ta tafi ta tafi kenan, mu'amalar ta ƙare a bakin get. Saboda haka nake ware gida biyu ko uku in zuba musu a kwanukan da aka yi mini jere da su, in ɗora wa 'yata murfin ta riƙe, mu je tare.

Ga tsada. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, a 2024 ta wuce 1,000, komai ya bi bayanta. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba ya sayen ragon kirki. Magidanci zai zauna da biro yana rage wannan yana soke wancan, kuma na lura abin da ake fara sokewa shi ne ziyara, saboda kuɗin adaidaita-sahu daga bayan gari zuwa cikin birni da dawowa, gida-gida, ya isa cefanen yini. Abin da ba a sokewa shi ne kaya. Kala uku, kala huɗu, ga abaya, ga 'yan kanti, ga anko da uwa, kowace rana da nata, kuma duk don a ɗauki hoto a ɗora a WhatsApp da Instagram. Ba na zargin kowa da son ya ga ɗansa fes. Ni ma zuciyata tana narkewa idan na ga tawa cikin sabon kaya tana juyi a gaban madubi. Sai dai Sallar 2024 a Afrilu ta faɗo, ta 2025 a ƙarshen Maris, tsakiyar zafin bazara. Na ga yara a filin Idi cikin leshi mai duwatsu, wuya ya yi ja da susa, takalmi mai tudu ya ci dunduniya, an kafa musu ɗauri da allurai, suna kuka uwa tana cewa a tsaya a ɗauka tukuna. Wannan kwalliyar ba ta yaron ba ce, ta idon manya ce. Yarinya 'yar shekara huɗu abin da take so shi ne riga mai laushi da za ta yi gudu a ciki, da tabarau na roba, da 'yar jakar da za ta zuba kuɗinta. Hausawa sun riga sun faɗi makomar mai wuce ƙarfinsa, Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, kuma bashin yanzu ba na tuwon maƙwabta ba ne, na hoto ne.

Da gaskiya zan faɗa: ko da kuɗin motar yana nan, ba zan saki 'yata ta bi ayarin yara yadda aka sake mu ba. Mahaifiyata ba sakaci ta yi ba. Unguwa ce take tsaron mu, kowane dakali da dattijon da ya san ubanmu, kowane mai shago yana iya tsawata mana ya kuma raka mu gida. Garin ya faɗaɗa, ya cika da baƙin ido. Hare-haren 20 ga Janairun 2012 sun koya wa Kanawa tsoron taro, shingaye suka cika tituna, a 2013 aka hana acaɓa. A 2019 aka gano yaran Kano da aka sace a can Onica ta jihar Anambra, an sauya musu suna, wasu har sun manta Hausa. Duk uwar da ta ga hotunan nan ba ta ƙara yarda hannun ɗanta ya bar nata a cikin kasuwa ba. Ga 'yan daba da masu ƙwacen waya, waɗanda saboda su ne 'yan sanda suka riƙa hana tashe a shekarun nan. Tsoron iyaye na gaskiya ne, duk mai cewa mu koma yadda ake yi a da bai riƙe hannun ƙaramin yaro a bakin titin Kano ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne abin da muka musanya yawon da shi. Tunda ba za a sake su ba, sai a zuba su a mota a kai su wurin wasa. Gidan zu na Audu Baƙo yana nan tun shekarun 1970, mu ma mun je, amma a ƙarshen Sallah, da kuɗin da muka taro da ƙafarmu. Yanzu shi da ire-irensa sun zama Sallar gaba ɗaya: manyan kantuna irin Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014, wuraren lilo, shagunan askirim da shawarma. Yara suna jin daɗi, ba musu. Tawa idan ta hau dokin roba mai juyawa dariyarta har kunne. Amma a bakin ƙofar tikiti ake tambaya. Ba wanda zai kamo haɓarta ya ce 'yar wa ce wannan. Za ta yini cikin ɗaruruwan mutane ta dawo gida ba ta ƙaru da sanin mutum ɗaya ba, kuma ba mutum ɗaya da ya ƙaru da saninta. Idan haka ta yi Sallah goma, za ta girma ta san duk wuraren shaƙatawa na Kano, ba ta san ƙofar ɗakin ƙanwar kakarta ba.

Goron Sallah ma ya koma waya. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kowa ya saba da turawa ta banki, har tsofaffi. Kawunta zai kira ya ce, "Na turo wa 'yata barka da Sallah, kin gani?" In gode masa, in faɗa mata. Kuɗin sun fi waɗanda muka taɓa samu yawa, amma saƙon a wayata yake shigowa. Ba ta ga hannun da ya ba ta ba, ba ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu ba, ba ta ji addu'ar da ke biyo baya ba.

Ba komai ne ya lalace ba, kuma zalunci ne in ce haka. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ɗaukar babbar yayarmu a gaban mutane ba, bai taɓa kiran sunanta ba, saboda kunyar ɗan fari. A sashen kakarmu ta tashi, ita take yi mata kayan Sallah. Yana sonta, amma al'ada ta sa son ya zauna a ciki. Mijina kuwa shi yake ɗaura wa 'yarsa ta fari igiyar takalmi ranar Sallah, ya saɓa ta a wuya har filin Idi tana riƙe da hularsa, ya dawo yana ba da labarin yadda take kwaikwayon kabbara. Mahaifiyarsa takan riƙe baki ta ce, "Oh ni, 'ya'yan zamani!" amma da murmushi take faɗa. Ni ina ganin wannan riba ce babba, domin yarinyar za ta tashi da tunanin Sallah a kan kafaɗar ubanta, abin da yayata ba ta samu ba. Haka waya: ƙanena yana aiki a Saudiyya, da a da ne sai dai saƙon kaset ko wasiƙa ta hannun alhazai, yanzu da safiyar Sallah tana nuna masa lallenta yatsa-yatsa yana yabawa.

Babbar Sallah ta zo da nata aikin da ban taɓa zaton zai faɗo kaina ba. A gidanmu na da raguna a jere suke a ɗaure, yara da yawa, ƙanana suna koyo daga manya, ba wanda yake tsayawa yi wa wani bayani. A yanka, a feɗe, a soya kayan ciki ranar, a rataye sauran sai washegari, a ba mu 'yan guntaye mu dafa a ƙananan tukwanenmu a bayan ɗaki, a adana kai da ƙafa don cika-ciki. Tawa kuwa rago ɗaya ne a tsakar gida kuma ba ta da abokin wasa sai shi. Ita take kai masa dusa da harawa, ta tsuguna tana yi masa hira, da dare ta tambaya ko ya sha ruwa. Da safiyar layya ta ga an wasa wuƙa ta tsaya cak ta dube ni. Na ɗauke ta muka shiga ɗaki, na ba ta labarin Annabi Ibrahim da ɗansa Isma'ila, Alaihimas Salam, daidai yadda kanta zai ɗauka, na ce mata naman ba namu ba ne mu kaɗai, akwai rabon dangi, akwai na waɗanda ba su samu sun yanka ba. Ta yi kukanta ta gama. Washegari da aka kasa naman, ita ta ɗauki ƙullin mai gadin layinmu da hannunta ta kai masa, ya karɓa ya yi ta sa mata albarka, ta dawo da gudu tana faɗa mini abin da ya ce. Daga ranar duk sanda muka wuce sai ta gaishe shi.

Gidanmu na gado an raba shi bayan rasuwar iyaye, zauren waje ya zama shaguna, 'yan'uwa kowa ya kama gabansa, wasu Abuja, wasu Kaduna, wasu unguwannin bayan gari irin tawa. Amma gwaggon nan mai yanka salatif tana nan a ɗakinta, idonta ya yi rauni, ƙafa ta ƙi. Duk Sallah can muke fara zuwa bayan gidan surukaina. Tun a hanya nake koya wa yarinyar: ki cire takalmi, ki durƙusa, ki ce barka da Sallah. Takan noƙe a bayana da farko, domin ɗakin da duhu, ga ƙamshin turaren wuta da man zafi. Gwaggo ta miƙo hannu tana lalube ta ce, "Ina kishiyar tawa? Zo nan in ga ko kin fi ni kwalliya, kin zo ƙwace mini miji ko?" Yarinya ta tuntsire da dariya ta matsa. Tsohuwa ta shafa kitson, ta shafa lallen, ta fara warware zaren nan da na sani, wa ya haifi wa, wa ya riƙi wa, yanzu da sunana a ciki. Sannan ta jawo gefen zane ta kwance ƙulli da haƙori, ta fito da naira hamsin ta leda da ta sha ninki. Kuɗin ba sa sayen abin kirki a yau. Yarinyar ta karɓa da hannu biyu, ta ƙi sakawa a jaka, ta damƙe a tafinta har muka iso gida, kuma da mahaifinta ya tambaye ta wa ya ba ta, ta faɗi sunan da dangantakar daidai.

Irin waɗannan tsofaffi suna ƙarewa. Kowace Sallah sai na tarar ƙofa ɗaya daga cikin waɗanda muka saba shiga an rufe ta, ko an sayar da gidan, ko mai ɗakin ta koma ga Allah. Ayarin yara ba zai dawo ba, unguwar da ta tsare mu ba za ta dawo ba, don haka aikin da babbar yaya take yi da 'yar jakarta ya dawo kan uwa da uba. Yana da wahala: zafi, cunkoso, kuɗin mota, yaro mai rigimar barci a kafaɗa, ga gajiyar girki. Na san haka sarai, domin a jikina nake jinsa.

Duk da haka ina roƙon 'yan'uwana iyayen ƙananan yara: a Sallar da ke tafe ku rage kala ɗaya daga kayan da za ku ɗinka, ku mayar da kuɗin na mota. Ku rubuta sunayen tsofaffin da suka rage a danginku, na wajen uwa da na wajen uba, ku ware musu yini guda kafin a je wurin lilo. Ku kai yaran da kanku, ku bar su su durƙusa, ku ba tsohuwa lokaci ta gama labarinta ko da kun sha jinsa. Ku kuma kawunai da gwaggwanni da baffanni, ku nemi canji ku ajiye, ku bar ƙofa a buɗe ranar Sallah. Idan an kawo muku yaro ku tambaye shi sunansa da na ubansa, ku sa masa kuɗin a hannunsa, ku yi masa addu'a yana ji. Allah ya maimaita mana, ya raya mana zuri'a.